Wai me kuke ji a cikin Loveless ɗin nan ne? Ni dai ƙara kawai nake ji

Ɗan_Fagge:

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah masu jin kiɗan rock ina da tambaya, kuma kar wanda ya yi min dariya. Ni asalina hip hop nake ji sai na gida, to kwanakin baya wani abokina da muke aji ɗaya ya tura min OK Computer na Radiohead, wanda ya fito 1997, wallahi na ji ya shige ni sosai musamman "Let Down" da "No Surprises", daga nan sai na shiga neman irinsa, kuma duk jerin manyan albam na shekarun 1990 da na buɗe sai na ci karo da wani mai bango ruwan hoda da hoton jita dishi-dishi, wai Loveless na My Bloody Valentine, ana ta zuba masa kirari kamar ba a taɓa yin kiɗa ba sai a kansa.

Na sa datata na sauke shi. Ina kunnawa ganga ta buga sau huɗu, ta ta ta ta, na ce yauwa za a fara, kawai sai wata irin ƙara ta rufto min, muryar matar kuma tana can ƙasa an danne ta, ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Na daure har waƙa ta huɗu, "To Here Knows When", ita kam sai ka ce kaset ɗin da aka manta a gaban mota rana ta dafa shi, sautin yana ta lanƙwashewa yana sauka yana hawa. Har YouTube na je na duba ko nawa ne ya samu matsala, na tarar haka abin yake.

To tambayata, tsakani da Allah me kuke ji a ciki? Akwai yadda ake sauraronsa ne da ni ban sani ba, ko dai 'yan jaridar turawa ne suka yabe shi kowa ya bi sahu don kar a ce bai waye ba? Kuma in akwai wani shoegaze ɗin, wato irin wannan salon kiɗan jita mai hayaniya, da ya fi wannan sauƙin shiga a taimaka min da suna.

Mai_Kaset:

Wa alaikumus salam ƙanena. Babu mai yi maka dariya, kusan kowa haka ya fara da shi. Amma kafin komai, da me ka saurara? In da sifikar waya ce to ba ka ji Loveless ba tukuna, don ita wayar saman sautin kawai take fitarwa, ƙasan duk ya ɓace, kuma daɗin abin a tsakiya da ƙasa yake. Nemi hedifon mai rufe kunne ko da aro ne, ka ɗan ƙara murya amma ba har kunne ya yi zafi ba.

Wannan lanƙwashewar da ka ji da gangan aka yi ta, ita ce ma gaba ɗaya sana'ar. Kevin Shields, shi ne jagoran ƙungiyar, a Dublin suka faro a 1983 kafin su koma Landan, yana kaɗa jita irin su Fender Jazzmaster da Jaguar masu wani dogon ƙarfe a jiki wanda in ka danna shi igiyoyin suna sassautawa sautin ya sauka. Sauran makaɗa sukan taɓa ƙarfen nan ne jefi-jefi don ado, shi kuwa sai ya riƙe shi a tafin hannu a daidai lokacin da yake kaɗawa, to duk saukar hannunsa sai sautin ya ɗan nutse ya dawo, ya ɗan nutse ya dawo, ba ya taɓa tsayawa cak a wuri ɗaya. Mutane suna ɗauka jita ɗari ya jera a kan juna, shi kuma ya sha faɗa cewa ba su da yawa, wannan motsin ne yake sa kunne ya ji kamar taro ne. Kuma kusan duk jita da bes na albam ɗin shi kaɗai ya kaɗa.

Batun murya kuma, kai ka fito daga hip hop inda magana ita ce sarki, kiɗa yana yi mata rakiya. A nan an juya abin. Muryar Bilinda Butcher da tasa an ajiye su ne daidai da jita, su ma kayan kiɗa ne, ba wani labari ake ba ka ba, turawan ma da yarensu ne har yau gardama suke a kan me aka ce a wasu baitocin. Ka daina farautar kalma, ka bi karin kawai, za ka ga a ƙarƙashin hayaniyar nan waƙoƙi ne masu zaƙi 'yan sauƙi waɗanda yaro ma zai iya rerawa.

Shawarata kar ka bi shi daga farko. Fara da ta biyar, "When You Sleep", ita karinta a fili yake. Sai ka tsallaka ta takwas, "Sometimes", babu ganga a ciki sam, jita ce kawai take ta gurnani a hankali da muryarsa kamar mai magana cikin barci, ita ce aka sa a fim ɗin Lost in Translation a 2003 kuma ta nan mutane da yawa suka san su. Sai ta ƙarshe "Soon" wadda har rawa za ka iya yi da ita. In waɗannan ukun sun zauna maka sai ka koma ta huɗun da ta ba ka tsoro.

Kuma don ka san irin wahalar da aka sha, daga 1989 aka fara ɗaukarsa sai Nuwamba 1991 ya fito, an zaga situdiyo wajen 19, injiniyoyi suna zuwa suna tafiya. Ana yawan cewa ya ci fam dubu 250 har ya kusa durƙusar da kamfanin Creation, shi Shields ya musanta adadin, amma dai abin da ya tabbata bayan fitowarsa kamfanin ya rabu da su. Albam na gaba kuma sai 2013, shekara 22 ana jira.

'Yar_Zazzau:

Yaya Mai Kaset bayaninka ya yi, amma ni fa ina da ja a kan wannan maganar ta sai ka nemi hedifon, sai ka bi ta nan, sai ka tsallaka can. Kiɗan da sai an yi maka darasi kafin ka ji daɗinsa ai da sauran magana. Ni ina girmama Loveless, na yarda babu wanda ya yi irinsa, amma gaskiya ba shi nake ɗauka ba in raina ya ɓaci ko in dare ya yi na kasa barci.

Malam Ɗan Fagge tunda ta "Let Down" ka shigo, ni na san abin da kake nema, je ka sauke Souvlaki na Slowdive, 1993, su ma a Creation ɗin suke, 'yan garin Reading ne. Daga waƙar farko "Alison" za ka ji bambanci, jitar tana da faɗi tana amsa kuwwa amma ba ta danne kowa ba, kana jin abin da mawaƙinsu Neil Halstead yake faɗa. Shi da Rachel Goswell tun suna yara suka san juna, sun yi soyayya suka rabu gab da yin albam ɗin, kuma dole suka ci gaba da tsayawa a dandamali ɗaya suna haɗa murya, to wallahi ana jin wannan abin a ciki, ba sai an gaya maka ba. "When the Sun Hits" tana farawa a hankali da 'yar jita siririya, kana zaune lafiya lau, can sai komai ya buɗe gaba ɗaya, ni duk sanda ta zo wurin nan sai na ajiye abin da nake yi. Ta ƙarshen kuma "Dagger" babu wani ado, jita ce ta katako da murya, kuma ta fi duk sauran ciwo.

Abin haushin ma lokacin da ya fito jaridun kiɗa na Ingila caccakarsa suka yi, don a lokacin an gaji da su, hankali ya koma kan su Suede da Blur, sai ga Oasis a 1994 kuma a kamfanin nasu ma. Dama sunan shoegaze ɗin da ba'a aka liƙa musu, wai suna tsaye ƙiƙam suna kallon fedal ɗin sauya sautin jita da ke gaban ƙafarsu ba sa kallon jama'a. Suka fitar da Pygmalion a 1995 kamfani ya sallame su, ƙungiya ta watse. Sai 2014 suka dawo, yanzu kuma yaran da ba a ma haifa ba a 1993 su ne suke cika musu wuri. Don haka batunka na ko yabon 'yan jarida ake bi, a kan Slowdive dai ba haka ba ne, jarida ta yi iya yinta ta binne su.

In wannan ya yi maka sai ka ƙara da Heaven or Las Vegas na Cocteau Twins, 1990, 'yan Scotland. Ita ma Elizabeth Fraser ba za ka gane me take cewa ba amma muryarta a sama take fes, ba a binne ta ba.

Ba'adare:

Assalamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ku yi mini haƙuri in sa baki. Mi ya kai ku har Ireland neman ƙarar jita alhali ga ta nan bayan gidanku? Kun san Mdou Moctar kuwa? Buzu ne na nan Nijar, bahago, jitarshi ta hwarko da kanshi ya haɗa ta da katako da wayar burkin keke. Kuma abin da zai ba ku mamaki, albam nashi na hwarko Anar a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da autotune irin na waƙoƙin Hausa na lokacin, ganga ta kwamfuta da komi, kuma ba a kanti ya bazu ba, daga salula zuwa salula ya yi ta tahiya ta Bluetooth da karti har ya kai kunnen wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds.

Ɗan uwa ka nemi Afrique Victime na 2021, ka tahi kai tsaye ga waƙar da ke ɗauke da sunan albam ɗin, ta hi minti bakwai. Tana hwarawa sannu sannu, sai mai ganga ya dinga ƙara sauri kaɗan kaɗan ba ka ma lura ba, kahin ka ankara jitar ta haukace tana kuka tana ƙara, to wanga wuri in ka sa shi kusa da abin da Malam Mai Kaset ke bayani ba su da nisa, sai dai shi Mdou ƙararshi tana da ƙahwa, tana tahiya gaba, ana rawa da ita wurin biki a Agadas, ba ta tsaya wuri guda tana lilo ba. Kuma shi yana da abin da yake hwaɗi, zancen yadda ake cin Afirka ne, da Tamashek da Faransanci. Na 2024 Funeral for Justice ya ma hi zahi.

In kuma kiɗan gwaji kuke so mai natsuwa, akwai dattijo Mamman Sani, da organ ɗinshi ya ɗauki kaset a 1978 a Yamai, mu mun tashi muna jin kiɗanshi tsakanin shirye-shirye a radiyo da tele ba mu ma san sunan mai shi ba, sai da aka sake hiddo shi a 2013 turawa suka yi ta mamaki. Ban ce kar ku ji na Ingila ba, ni ma ina son Slowdive ɗin da malama ta ambata, amma a riƙa waiwayowa gida.

Injiniya_Sauti:

Ni bari na zama mugun zaren nan. Ɗan Fagge kunnenka lafiyarsa ƙalau, Loveless dabara ɗaya ce aka ja ta minti arba'in da takwas. Dabarar tana da kyau, ban musa ba, ranar da na fara gane abin da yake yi da ƙarfen nan na jinjina masa, amma daga waƙa ta shida zuwa ta goma in ka rufe min suna ba lallai na bambance su ba, kuma gangar albam ɗin ba ta da rai ko kaɗan, tana can baya tana ƙwas ƙwas kamar an manta da ita.

Kai da ka shigo ta Radiohead hanyarka a miƙe take, Kid A na 2000. Mutanen nan duniya tana jira su sake yin wani OK Computer ɗin sai suka ajiye jita gefe suka ɗauko na'urori, waƙar farko "Everything in Its Right Place" kibod ne kawai da muryar Thom Yorke an yayyanka ta ana juya ta, "The National Anthem" kuma bes ɗaya ne yake ta maimaituwa har masu busa su shigo kowa yana nasa kamar faɗa ya kaure. Kowace waƙa da irin nata gwajin, wannan shi nake kira gwaji.

In ka gama da shi kana son sanin inda suka samo, koma baya zuwa Jamus, ƙungiyar Can ta birnin Kolon, Tago Mago na 1971. Mawaƙinsu Damo Suzuki ɗan Japan ne da suka tsinta yana waƙa a bakin titi a Munich. Akwai "Halleluhwah", minti goma sha takwas, mai gangarsu Jaki Liebezeit ya kama bugu ɗaya ya riƙe shi tun daga farko har ƙarshe ba gajiya ba kuskure, sauran suna shiga suna fita a kansa, duk wanda ya taso yana jin kalangu ko Fela ba zai sha wahalar gane wannan ba. Amma ina gargaɗinka rabi na biyu na albam ɗin, su "Aumgn" da "Peking O", nan kam ko ni sai ina da ƙarfin hali nake bi ta kai.

Sai kuma wanda na fi so duk a cikinsu, Laughing Stock na Talk Talk, shi ma 1991 ya fito, wata biyu kafin Loveless, amma kishiyarsa ne. Su a duhu suka yi ta ɗauka wata da watanni suna barin makaɗa su yi abin da ya zo musu, daga baya suka zubar da mafi yawa suka bar kaɗan. Shiru ya fi kiɗan yawa. Farkonsa ma daƙiƙu ne na hucin amfilifaya kawai kafin a taɓa jita. Ni a wurina wanda ya iya cirewa ya fi wanda ya iya tarawa.

Mai_Kaset:

Injiniya ka ji tsoron Allah, "Come in Alone" da "Blown a Wish" ne ba za ka bambance ba? Ɗaya nauyi gare ta kamar za ta danne ka, ɗayar kuwa muryoyin Bilinda ne aka jera suna shawagi. Batun ganga na ba ka rabin gaskiya, mai gangarsu Colm ba shi da lafiya a lokacin, shi ya sa mafi yawan abin da ake ji guntayen bugunsa ne aka ɗauka aka jera da na'ura, waƙa biyu kawai ya buga da hannunsa. Amma ko da yana lafiya ba na jin za a turo gangar gaba, don in ta fito fili lilon jitar zai mutu. In ganga kake so ka koma albam ɗinsu na 1988 Isn't Anything ka ji yadda yaron yake dukan fata kamar da gaba. Laughing Stock kuma ban da ja, amma ka ba wanda ya fito daga hip hop jiya-jiya wannan ai barci za ka sa shi.

Ba'adare na gode da tunin nan, ban san a Sakkwato aka ɗauki Anar ba sai yau.

Ɗan_Fagge:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na ari hedifon ɗin yayana na bi yadda Yaya Mai Kaset ya ce. "When You Sleep" ta kama ni, wannan ɗan karin mai kamar busa da yake dawowa yini na yi yana yi min yawo a ka har a cikin adaidaita. "Sometimes" ma ta yi. Ta huɗun dai har yanzu muna gaisawa daga nesa. Anti 'Yar Zazzau ke kam kin karance ni, Souvlaki tun a jin farko ya zauna. Mdou Moctar kuma wallahi kunya ta kama ni, mutum yana nan maƙota ana yi da shi a duniya ni ban sani ba, na tura wa abokaina uku har sun fara tambayata wane yare ne. Na Injiniya na ajiye sai wata ya mutu an sayi data.

Wata tambayar kuma, ni ina ɗan taɓa haɗa bit a laftof da FL Studio, ba ni da jita ba ni da fedal ko ɗaya, shin irin wannan sautin zai yiwu a kwamfuta zalla ko sai da kayan?

Injiniya_Sauti:

Zai yiwu mana, an ma yi. Nemi Parannoul, wani ɗan Koriya ta Kudu ne da ba ya bayyana sunansa, a 2021 ya saki To See the Next Part of the Dream a shafin waƙoƙi na Bandcamp daga ɗakinsa, kusan duk jitar da za ka ji a ciki ta kwamfuta ce ya ƙona ta da distoshin, wato abin da ke sa sauti ya yi kaushi, har ta daina kama da ta roba, kuma albam ɗin ya zaga duniya. Haɗin sautin a cakuɗe yake, wani wurin har fashewa yake yi, amma hakan ne ma ya sa aka so shi.

In za ka gwada, ɗauki kod uku ko huɗu ka ja su da tsawo, ka fara sa ribab, wato amsa kuwwa, kafin distoshin ba bayansa ba, yawancin masu koyo a nan suke juya abin sai ya fito a wanke. Sannan ka sa fic ɗin, wato tsayin sautin, ya riƙa sauka kaɗan yana dawowa, kaɗan fa, ƙasa da rabin mataki, da hannu za ka zana shi kar ka bar shi daidai da bugun ganga. Murya kuma ka yi ta a hankali kusa da makirfo ka ninka ta biyu ka tura ta ƙasa. Ka rage saman sautin sosai in ba haka ba minti biyu kunne zai gaji. In ka haɗa ka ɗora mana a nan mu ji, ni dai roƙona ɗaya ka bar gangar ta yi numfashi, kar ka biye wa su Mai Kaset.